Ban Shayar Da Shatu Ba

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa gare ka, yayan Rabi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Shatu, ina gaishe da uwarta Dudu idan za ta amsa gaisuwata. Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya a Wurno kafin motar albasar da za ta kai ku Badun, can ƙasar Yarbawa, ta ɗaga. Mijin Rabi ne zai kawo maka ita a kabu-kabunsa, na ce masa hannu da hannu, kada ya ba kowa ajiya. Ka yi haƙuri da rubutun, rabona da alƙalami tun ina 'yar firamare a Rabah, ga ido kuma ba kamar da ba.

Ba zan cika ka da labarin gida ba, babu mai daɗi a ciki. Kai ne ɗan farina, kuma tun da na haife ka ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Yanzu ga shi za ka yi nisa. Ba ni da gona ko saniya da zan ce tafi da ita. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su kuwa Allah ya hore mini da yawa. Zan jera maka su yadda suka faru, ka ɗauki abin da zai amfane ka.

Na farko shi ne alkunya. Kakarka ta ɗauke ka tun yaye, ita kake ce wa Inna, ni kuwa Yaya. Idan ka shigo gida sai in juya baya in kama aikin da ba aiki ba. Mata suna ta yabona, wai Hajara ta iya kunyar ɗan fari, ko Bafulatana albarka. Ni kuma kaina ya kumbura, na ƙara ƙaimi.

A shekarun nan, ka tuna, kowace kaka idan an gama girbi Jaɓɓi yakan sauko da shanunsa gonarmu ta bayan Rara. Shanu su ci kara su bar mana taki, babanku ya ba shi damman gero, matarsa Dudu ta riƙa kawo mini nono da man shanu, ni in auna mata wake. Ni na fara gane ka kafin kowa. Yaron da ba ya shan fura sai an yi masa dole, sai ga shi kullum wai a dama masa, kuma duk faɗin ƙasar Rabah nonon ruga ɗaya kaɗai ke yi masa daɗi. Idan ka dawo daga lambun Goronyo da buhun albasa, manyan ba sa isowa gidanmu, mu sai ƙananan da masu tabo. Ina gani ina dariya a cikina. Wallahi na yi murna, don Shatu a gabana ta girma, ban san ta da rawar kai ba.

Da na buɗe baki a lokacin na ce wa babanku kalma ɗaya, da ya taka ya sami Jaɓɓi a gindin gawo, da an raba goro an shafa fatiha, babu wanda zai ko ɗaga kai. A lokacin aure tsakaninmu da su ba abin kallo ba ne. Amma na ce ba bakina ba ne, ina uwa ina zancen auren ɗan fari. Na jira kakarka ta gane da kanta, ita kuwa ido ya riga ya tafi. Muna cikin wannan jira duniya ta juye mana.

Saboda haka, abin alheri idan ya zo hannunka ka yi shi a ranar. Kuma idan Allah ya ba ku haihuwa, ka ce wa Shatu ni na ce ta kira ɗanta na fari da sunansa, ta zaunar da shi ta tambaye shi abin da ke damunsa. Masu yabon kunyata babu ko ɗaya da ta zo ta taya ni kuka.

Na biyu ya fi na farko muni. Ka san yadda abin ya fara. 'Yan bindiga suka kore shanun Jaɓɓi tun kafin su taɓa namu, amma da suka fara shiga garuruwa suna ɗaukar mutane, sai kowane Bafulatani ya zama ɗan bindiga a idonmu. 'Yan sa-kai suka kafa doka: kada a sayi nononsu, kada a sayar musu da hatsi ko gishiri. Ana cikin haka wata rana da hantsi na ji sallamar Dudu a ƙofar gida. Na san muryarta ko cikin kasuwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe, sai na ajiye rariya na shige ɗaki, na ce wa Rabi ta ce ba na nan.

Ina jin su ta labule. Dudu ta ce, “To, Rabi. In ta dawo ki ce mata ba nono nik kawo ba. Gero nika biɗa ko tiya guda, yara sun kwan biyu ba su ci ba.”

Takalmana suna nan a bakin ƙofar ɗaki, ta gan su. Sai ta ce a gaishe ni, ta juya. Ga rumbu cike, ga ni zaune a bakin gado ina riƙe da numfashi kamar ɓarauniya a gidana. Tsoro na ji, ba zan ɓoye maka ba, tsoron a ce ni matar Malam ina ciyar da mutanen daji. Ba a daɗe ba aka tare Jaɓɓi a hanyar dawowa daga kasuwa aka kashe shi, aka cinna wa rugar wuta. Ɗansa Iro, wanda kuka yi iyo tare a gulbi, ya shiga daji bai sake fitowa ba. Dudu ta kwashi Shatu da ƙananan ta gudu Wurno. Ban je mata gaisuwa ba.

Kai da za ka zauna cikin baƙi, ka riƙe wannan. Duk wanda kuka ci abinci kwano ɗaya, ranar da ya zo ƙofarka a wulaƙance ka fito ka gan shi. Ko ba ka da abin ba shi, ka fito ya ga fuskarka. Ban ce tiyar gero za ta hana a kashe Jaɓɓi ba. Amma da na fito, da yau ina iya ɗaga ido in dubi surukata.

Sai namu ya zo. Babanku da Nura, ɗan Baffanka Umaru, suka tafi noma da safe, aka dawo da su a rufe. Wasu suka ce sun ga Iro cikin waɗanda suka yi harbin, wasu suka ce fuskokin duk a naɗe suke. Har yau ban san gaskiya ba. Abin da na sani, Umaru shi ya goyo gawar Nura a bayansa tun daga gona har gida, ya ƙi yarda kowa ya kama masa. Mutumin da a da ba ya wuce ni sai ya tsokane ni, ya ce tuwona ya fi dutsen niƙa tauri, tun ranar ban sake ganin haƙorinsa ba. Ina faɗa maka wannan ne don kada ka tafi da shi a zuciyarka a matsayin azzalumi kawai. Shi ma wuta ce ke cin sa.

Cikin wannan hali ka tashi ka ce Shatu kake so, kuma aure za ka yi. Ni kaina da na ji sai da na ce wannan yaro anya kansa ɗaya? Takabata ba ta daɗe da ƙarewa ba. Aka yi maka faɗa, aka yi lallashi, aka haɗa ka da manya, ka sunkuyar da kai ka ce ba Shatu ta kashe kowa ba, ita ma marainiya ce. Taurin kan nan ba daga wajena ka ɗauko shi ba, na gidanku ne.

Da Umaru ya ga ba ka tanƙwaruwa sai ya zo ɗakina bayan la'asar, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ga kuskurena na uku, wanda ya kusa hallaka ka.

Ya ce, “Yaya Hajara, ɗiyag ga ta Dudu, tana jinjira ba ta kwan ɗakinki ba?”

Na ce ta kwana. Kowa ya san wannan. Shekarar da nake goyon Rabi zazzaɓi ya kwantar da Dudu har nononta ya ɗauke, aka kawo mini Shatu na riƙe ta har uwar ta miƙe.

Ya ce, “To mi ya rage? Kina shayarwa, ga jinjira tana kuka. In kin ba ta mama ko sau guda, ta zama ƙanwatai, aure ya haramta, magana ta ƙare ba wanda anka zuba ma jini.”

Na ce, “Umaru, ban ba ta ba. Inna da kanta ta hana ni. Tac ce kada in kuskura, ba a san gobe ba. Nonon akuya munka riƙa ɗura mata da ɗan ludayi.”

Ya ce, “Inna tana ƙasa, wa za shi tambaye ta? Ni ba ƙarya nic ce ki yi ba. Ke dai ki ce ba ki tuna ba. Jinin yayana da na Nura bai bushe ba, a kawo muna ƙanwar Iro cikin gida tana jin sirrinmu tana buga waya daji? In yaron ga ya yi auren ga, ba ni iya tare mashi 'yan sa-kai. Zaɓi, ko ɗanki da rai ba mata, ko mata ba ɗanki.”

Na kwana ina juya maganar. Na ce a raina, ai ceton rai ne. Kuma, tunda na ce zan faɗa maka gaskiya, akwai wani gefe na zuciyata da ya ji daɗi. Ba na son ganin jinin Jaɓɓi yana shara a tsakar gidan babanku.

Aka tara mu a zauren liman, kana can gefe kanka a ƙasa. Liman ya ce, “Hajara, magana tana hannunki. Kin ba ɗiyag ga mama ko ba ki ba ta ba?” Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, “Allah shi am masani.” Dattawa suka gyaɗa kai, wai kunyar ɗan fari ce ta hana ni fitowa fili. Liman ya ce in akwai shakka bari shi ya fi. Aka shafa, aka watse. Na fito ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba, ai kuwa Allah shi ne masani.

Ka ji ni da kyau a nan. Rabin magana ya fi ƙarya illa. Maƙaryaci ana iya kama shi, amma wanda ya fake da sunan Allah ya bar mutane su ƙarasa masa ƙaryar, wa zai kama shi? Ranar da aka tambaye ka abin da ka sani, kuma rayuwar wani tana rataye a kai, ka ce i ko a'a. Idan ba za ka iya ba, ka ce tsoro nake ji, kowa ya san inda ka tsaya.

Na zaci za ka yi bore, ka ce ƙarya ce. Da ka yi haka da ya fi mini sauƙi. Sai ka yarda. Ban taɓa kawowa a raina za ka gaskata ni har haka ba, ni da ban taɓa yi maka magana ba. Ka daina cin abinci sai an matsa, ka kama azumi ba watan azumi ba. Rabi ta ce mini ka kai wa Shatu turmin atamfa a Wurno, ka ce mata daga yau kai yayanta ne, za ka nema mata miji na kirki da kanka. A majalisa kuma yara suna nuna ka, ga wanda ya so ya auri ƙanwarsa.

Wata rana na zo wucewa ta zaure da tulu, na same ka kan buzu bayan azahar, ba ka san ina nan ba. Kana kuka kana cewa, “Allah ka gahwarta mani, ban sani ba. Allah ka hidda mani ita daga rai, ƙanwata ta.” Kana neman gafarar zunubin da ba ka yi ba, ni da na yi shi ina tsaye da tulu a ka. A wurin na san ko za a yanka ni sai na warware.

Sauran ka sani. Ranar Juma'a na yi alwala na tafi zauren liman, na ce a kira waɗanda aka kira da farko. Na yaye mayafi, na ɗora hannu a kan Alƙur'ani na ce ban shayar da Shatu ba, ko ɗigo, kuma na san haka tun ranar da aka tambaye ni. Umaru ya tashi ya fita bai ɗauki takalminsa ba. Liman ya ce shi ba zai ɗaura ba, yana da iyali a garin nan, shi ya sa kuka tafi Wurno aka ɗaura muku. Na rubuta maka shi a nan da hannuna don wata rana, idan wani ya bi ku da wannan magana har can, ko shaiɗan ya kawo maka waswasi, kada ka yi shakka. Matarka halalinka ce, 'ya'yanku 'ya'yan sunna ne.

Kada ka ɗauka don na rantse zuciyata ta wanku. Ba ta wanku ba. Har yanzu idan na tuna fuskar Shatu, idanun Iro nake gani, don kamarsu ɗaya. Ina istigfari, abin yana dawowa. Idan ni da na goya ta a bayana haka nake ji, to kai ma ka ji tsoron kanka. Yau kuna cikin zumar amarci. Amma harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma akwai ranar da za ka dawo daga kasuwa a gajiye, albasa ta ruɓe, ta faɗa maka wadda ba ta yi maka daɗi ba. Ranar bakinka zai miƙa hannu ya ɗauko makamin da ya fi kusa, ka ce danginki suka kashe ubana. Ita ma tana da nata a ajiye, kuma nata ma gaskiya ne. Idan ka ji wannan magana ta taso maka, tashi ka fita, ka je ka zauna a masallaci har ta kwanta. Magana zarar bunu ce, wannan kuwa idan ta fita, auren da aka sha wannan wuya a kansa ya mutu ko kuna ɗaki ɗaya.

Akwai kuma maganar Iro. Ɗan'uwanta ne, ciki ɗaya, ba za ka hana ta yi masa kuka ba, kada ma ka gwada. Ka bar ta ta yi masa addu'ar shiriya, kai ma in za ka iya ka ce amin. Amma idan ya kira waya, ko ya aiko a saya masa wani abu, komai ƙanƙantarsa, ko maganin ciwon kai ne, kada ku yi. Ka faɗa mata wannan tun yanzu da lallami, kada ka bari sai ranar ta zo. Can Badun ɗin ma cike take da mutanenmu masu albasa, kuma labari ya fi mota sauri. Ka san abin da ake yi wa wanda aka laƙaba wa sunan infoma, ba a tsayawa bincike.

Ka riƙe Dudu kamar ni, ko fiye. Ita ba ta taɓa rufe maka ƙofa ba. Kada ka hana 'ya'yanku jin Fulatanci, kada kuma ka bari a koya musu cewa wani ɓangaren jininsu abin ɓoyewa ne. Idan sun tambayi kakanninsu maza, ka ce musu aminai ne, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, kuma duka biyun zalunci ya kashe su.

Kada ka damu da ni. Ina ɗakina, ba a kore ni ba. An dai daina aiko mini da kwano, idan na isa rijiya hira takan mutu, shi ke nan. Rabi ta ce in koma wajenta a Rabah, na ce ba yanzu ba, kabarin babanku yana nan.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi nauyi, kuma a kanta nake son alkawarinka. Shekaranjiya ina shanya wake a bayan ɗaki, Umaru da abokansa suna zaune a ƙofar gida, katanga kawai ta raba mu. Wani ya ce masa an ji za ku bar Wurno, ko a tare hanya. Umaru bai ɗaga murya ba. Ya ce, “Ku bar shi shi tahi. Kowa yab bar gida, gawar uwatai ka maishe shi. Mu haɗu maƙabarta.”

Na san Umaru tun yana yaro. Idan yana ihu, ba komai. Idan ya yi magana a hankali, ya gama shawara.

Don haka idan aka kira ka aka ce ina ciwo, kada ka taso. Idan aka ce ina kiran sunanka, ƙarya ce, ka san ban saba ba. Idan aka ce na rasu, ka yi alwala ka yi mini addu'a a inda kake, ka yi sadaka da abin da ya sawwaƙa, kada ka hau mota. Na riga na sa Rabi ta rantse ba za ta sanar da kai ba sai an rufe ni an watse. Kada ka yi fushi da ita, umarnina ne. Za a zage ka, a ce ɗan da bai ɗauki makarar uwarsa ba. Ka bar su su faɗa. Ni na yafe maka wannan tun ina da rai, na yafe maka duniya da lahira. Na fi son wasu su ɗauke ni kana can kana numfashi, da a haƙa biyu rana ɗaya.

Idan Allah ya kawo zaman lafiya ina raye, ni da kaina zan aiko a ce ka zo. Idan ba ka ji daga bakina ba, to ba lokaci ba ne.

Allah ya kai ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na masu tare ta. Allah ya rufa muku asiri a ƙasar da ba ku san kowa ba, ya sa albarka a cinikinka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku. Allah ya jiƙan babanku, ya jiƙan Nura, ya jiƙan Jaɓɓi. Allah ya sanyaya zuciyar Umaru. Ka roƙa mini Dudu gafara, ka ce mata ranar nan ina cikin ɗaki.

Allah ya yi maka albarka. Ka tafi, kada ka waiwayo.

Mahaifiyarka,
Hajara